Kawu Fatt da Man Ɗari da Arba'in

Duk wanda ya taɓa cin taliyar shinkafa da kaza a tsohon garin Ipoh, can ƙasar Malayawa, ya san rumfar Yip Kam Fatt, ko da bai san sunan mai ita ba, domin ita kaɗai ce rumfar da teburanta ke da ƙafa biyar-biyar. Kafinta ya kawo su da ƙafa hurhuɗu kamar na kowa, Kawu Fatt ya sa aka ƙara wa kowanne ta biyar, aka kuwa kafa ta daidai inda gwiwar mai cin abinci take. Mutane sun sha buguwa suna tsaki, amma romon ya yi daɗin da ba su fasa dawowa ba.

A yarenmu na Kantoni, huɗu da mutuwa kusan kalma ɗaya ce, 'yar lanƙwasar murya ce kawai ta raba su. Kowa a garin yana ɗan kauce wa lambar, ba ya son ta a ƙofar gida ko a lambar mota, daga nan kuma ya ci gaba da harkarsa. Kawu Fatt shi ya ɗauki abin ya ɗora a ka. Bai taɓa kai kwano huɗu tebur ɗaya ba. In mutum huɗu suka zauna, sai ya kawo biyar, ya jawo kujera ya cinye na biyar ɗin, kuma daga nan tumbinsa ya samo asali. Shekarunsa sun tsaya cak a talatin da tara har ya ga dama, sannan wata safiya ya tashi ɗan hamsin. Da matarsa ta haifi na uku ya ce a tsaya nan, sai dai in likita zai yi alkawarin tagwaye, har sai da ta tuna masa ko tagwayen ne ai dole ɗaya ya riga ɗaya fitowa. Mota kuwa, da aka tsokane shi cewa ƙafarta huɗu, cewa ya yi duk wanda bai ƙirga da safaya ba bai iya lissafi ba.

Sunan matar tasa Sau Ying, amma ba mai kiranta haka. A gidajenmu da lamba ake kiran 'ya'ya, ita kuwa Ta-Uku kowa ke ce mata, har shi. Mace ce 'yar siririya, mara yawan magana, wadda in ta ɗaga adda a kan kaza ba ta saran wuri ɗaya sau biyu. Romon da ya yi wa rumfar suna ma nata ne, shi dai nasa surutu da raha da baƙi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, tunda aka ɗaura musu aure ba su taɓa zama su biyu kaɗai a cikin mota ba. Motar kaya gare su, wata tsohuwa fara mai warin tafarnuwa. Kujerar gaba ta mahaifiyarsa ce har ta bar duniya, Ta-Uku tana baya tsakanin tukwane da yara da kejin kaji. Da tsohuwa ta rasu sai babbar 'yarsu Wai Kuen ta gaje kujerar, wai baya tana sa ta amai. Da ta yi aure sai tukunyar romo ta hau, aka ɗaure ta da bel, domin ita ba ta iya riƙe kanta a kwana. Duk tsawon zamansu abin da Kawu Fatt ya sani na matarsa a mota shi ne rabin goshinta a madubi.

Saboda haka da ya miƙa wa ɗansa rumfa ya ce ya huta, abu na farko da ya yi shi ne sayen motar da ba ta da wurin mutum na uku. Wata tsohuwar motar tsere ce ƙirar Ingila, koriya, mai kujera biyu, gajera har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Wani Bature manajan haƙar kuza ne ya shigo da ita, ta faɗa hannun wani likita, daga ƙarshe ta ƙare a gindin mangwaro kaji suna ƙwai a kujerarta. Abokansa na shagon kofi suka ce tsufa ne ya taɓa masa kai. Ya bar su a haka, domin ya fi masa sauƙi a ce ya zare da a ce tsoho mai jikoki yana son ya fita shan iska da matarsa. Amma gaskiyar ke nan. Yana so ya juya hagu ya gan ta gaba ɗayanta, ta yi magana ya ji, ba yaro ba tukunya.

Wanda ya tayar da motar shi ne Velu bakanike, Batamile, abokinsa tun suna satar gwaiba a lambun mishan. Inji ya tashi, birki ya kama, fenti ya yi ƙyalli. Ranar farko Ta-Uku ta yarda ta shiga, ta ɗora jaka a cinya. Suna hawa titi wani kuka ya taso daga bayan kujerunsu, ya fara da gurnani, ya koma kamar kare ya ga wata, yana ƙaruwa da gudun motar. Kawu Fatt ya ga bakinta yana motsi, ya gyaɗa kai yana murmushi. Ta sake magana, ya sake gyaɗa kai. Sai da suka tsaya a danja ya gane cewa tun daga ƙofar gida take gaya masa gefen rigarta yana waje, ƙofa ta datse shi, yana sharar kwalta. Ta fita, ta duba rigar, ta dube shi.

"Tsoho, ranar da zan iya jin muryata a cikin abin nan, ka kira ni," in ji ta, ta tare bas ta koma gida.

Velu ya ɗaga motar a jek ya shige ƙarƙashi. Tsakanin ƙafafun baya akwai wata tukunyar ƙarfe, haƙoran da ke cikinta su ke raba wa tayoyi gudu in za a sha kwana, kuma a cikin man giya suke iyo. Ya kwance noti, abin da ya zubo ruwa-ruwa ne kamar shayin asibiti. Ya fito yana goge hannu ya ce haƙoran sun cinye kamar na mai motar, ga zafin ƙasar nan yana tsinka mai, saboda haka sai an ba ta mai kauri wanda zai cike giɓin. Ya ɗauko robar mai daga kanta ya dire masa a kan bonet.

Kawu Fatt ya kai robar kusa da hancinsa don idonsa ya fara rauni. Lambar kaurin man a jiki: ɗari da arba'in. Mu kuwa lamba ɗaiɗai muke karanta ta: ɗaya, huɗu, sifili. Ɗaya da huɗu in suka haɗu a baki, abin da kunne ke ji shi ne "tabbas mutuwa", ga sifili kuma a ƙarshe ya wangale baki kamar rami. Ya ajiye robar a hankali, ya goge yatsunsa a wando.

"Wannan za ka zuba a ƙarƙashin kujerar matata?"

"A ƙarƙashin taka ma," in ji Velu. "Mai ne kawai, kai mai taliya, ba ya jin Kantoni. A Singapore aka ɗura shi."

"Can ma ai ana mutuwa."

Velu ya yi masa dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin mutum mai camfi irinsa ba. Yana faɗar haka yana jera lemun tsami a gaban kowace taya, domin a garejinsa mota ba ta fita sai ta taka lemu ta fasa, kuma akwai wata sa'a a kowace rana da ko wuta ta kama ba zai taɓa sifana ba. Wannan a wurinsa ba camfi ba ne, tsarin aiki ne.

Kawu Fatt ya tafi shagon kayan mota da kansa. Ya bi kanta yana karanta lambobi kamar mai zaɓar wa jika suna, har ya ci karo da wata roba mai tamanin da casa'in a jiki. Takwas arziki ce, tara kuma tsawon rai. Ya rungumo ta yana jin an yi man nan don shi. Velu ya zuba yana gunaguni, motar ta taka lemu ta fita, kukan nan yana nan yadda yake, sai ma wata 'yar siririyar murya da ya ƙaro a sama. Karnukan unguwa suka fara raka shi har bakin kasuwa. Wata rana wani direban tasi ya kauce masa ya hau dakali, ya ɗauka motar asibiti ce.

Daga nan sai ya koma lissafi. In casa'in ɗaya ta yi kaɗan, to casa'in biyu ɗari da tamanin ke nan, ta wuce waccan lambar ta masifa, ga takwas kuma a tsakiya. Velu ya ce masa kofi biyu na shayi mai sanyi ba sa zama shayi mai zafi, kuma tukunyar ba ta cin fiye da cikinta. Kawu Fatt ya ce shi ya shekara yana cika tukwane, ba wanda zai koya masa. Ya jira Velu ya shiga sa'arsa ta hutun sifana, ya karkata motar a kan jek ya ɗura ta biyu da mazurari. Kafin ya isa gida man ya tumbatso ta ko'ina, ya wanke ƙarƙashin motar, ya ɗiga a kan bututun salansa mai zafi. Wanda bai taɓa jin warin man giya mai zafi ba, ya tuna ruɓaɓɓen ƙwai. Warin ya shige labule, ya shige shinkafa. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko durian ne, ɗan itacen nan mai wari, ya lalace musu. Ta-Uku dai ta fito masa da filo da tabarma baranda, kuma a can ya kwana har warin ya bar gashin kansa.

A shagon kofi kowa ya zama bakanike. Wani tsohon kwandasta ya rantse cewa a zamaninsu ayaba ake cusawa a tukunyar baya in ta fara kuka, ta yi shiru kamar an ba jariri nono. Kawu Fatt ya sayi nunannu guda shida, ya dame su da cokali, ya tura. Abin mamaki, motar ta yi shiru. Ya fita gwaji yana waƙa, ya nufi hanyar duwatsun da ke bayan gari, yana tsara yadda zai gaya wa Ta-Uku. Da tukunyar ta ɗau zafi sai ƙanshin soyayyar ayaba ya tashi, gauraye da wancan warin. Ya tsaya a gindin dutse don ya duba, kafin ya miƙe birai sun sauko. Biyu suka shige ƙarƙashin mota, ɗaya ya zauna a kujerar Ta-Uku yana duba kansa a madubi, wani kuma ya tafi da hularsa. A hanyar dawowa kukan ya komo, wannan karon har da ƙarar tauna. Velu ya yini yana kwashe baƙin kunu daga tukunyar, kuma zagin da ya yi da Tamilanci ya ishi shekara.

Sai ya kai ƙara wurin waɗanda suka fi Velu. Ya hau haikalin da ke cikin kogo, ya kunna turare, ya ɗauki 'yan itatuwan nan biyu da ake jefawa a ƙasa in ana neman amsa. In ɗaya ta kife ɗaya ta buɗe, an yarda. In duka suka kife, an ƙi. In duka suka buɗe, to abin bauta dariya yake yi. Ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, har da kaurin mai da zafin ƙasa, ya tambaya ko ya zuba ɗari da arba'in. Ya jefa, dariya. Ya sake tsara tambayar da ladabi, ya jefa, dariya. Ya jefa na uku, dariya. Na gaba zai zama na huɗu, saboda haka ya mayar da itatuwan ya sauko da gwiwa tana ciwo.

Velu ya ga abokinsa ya fara ramewa, tausayi ya kama shi. Ya ɗauko robar nan, ya manna farin tef a kan lambar, ya rubuta 13A0 da alƙalami, kamar yadda ake yi a dogayen benaye inda hawa na huɗu yake komawa 3A kowa ya hau lif hankali kwance. Kawu Fatt ya daɗe yana kallon rubutun. Har ya miƙa hannu, sai ya janye.

"Man ya san sunansa," in ji shi.

Da an bar shi da lokaci, da har yau suna nan suna wannan ja-in-ja. Amma idonsa bai jira shi ba. Wata safiya Wai Kuen ta zo gaishe su, ta tarar da ubanta a bakin titi yana yi wa jan akwatin gidan waya barka da asuba, har yana tambayarsa ya jikin maigida. Ta kai shi wurin likitan ido, ta dawo da hukunci: daga Sabuwar Shekara makullin mota yana hannunta. Ya yi faɗa, ya ce shi ya koya mata tuƙi, ta ce ta sani, shi ya sa ba ta taɓa yin fakin a hawa na huɗu ba ko da ruwa ake tsugawa. A lokacin kuwa an riga an fara rataye jajayen fitilu a tituna, 'yan kasuwa sun tara lemu a ƙofar shaguna.

Ya zauna a baranda yana kallon motar, baƙin ciki ya cika shi. In ya ƙi man, za a karɓe makulli bai taɓa jin muryar matarsa a gefensa ba. In ya zuba, to da hannunsa ya shimfiɗa mata mutuwa a ƙarƙashin kujera. Mutane suna ganin abin dariya ne, kuma abin dariyar ne, amma tsoron da ke cikinsa na gaske ne, irin wanda ke hana mutum haɗiyar abinci.

Washegari ya tura motar garejin Velu. Velu ya ce ya juya baya kawai, shi zai zuba, ba sai ya gani ba. Kawu Fatt ya ce a'a, in akwai alhaki gara ya hau kan wanda ya nema. Ya ɓare tef ɗin da farcensa, ya kwanta a kan kwali, ya tura tumbinsa ƙarƙashin mota da ƙyar, ya matse robar har ta ƙare. Man ya shiga a hankali, mai kauri kamar zuma. Da ya fito sai ya wanke tukunyar da ruwan ganyen lemu, ya ɗaura mata jan ƙyalle, sannan cikin ƙaramar murya ya tambayi Velu ko zai ƙara masa lemun tsami. Velu bai yi dariya ba, ya jera bibbiyu a kowace taya, ya saka ɗaya a but ɗin baya saboda safaya.

Motar ta fita ta yi tsit. Ya sha kwana, shiru. Ya ƙara wuta, shiru, sai gurnanin inji mai daɗi a gaba. Ya ji kukan tsuntsaye, ya ji ƙugin cikinsa. Maimakon murna sai gabansa ya faɗi, domin shi a saninsa gidan makoki ne ke yin shiru haka.

Ranar Lahadi da hantsi Ta-Uku ta fito da rigarta mai furanni, da jaka, da lema. Ta tattare gefen rigar da kyau kafin ta rufe ƙofa. Kawu Fatt ya ja motar kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Mai burodi a babur ya wuce su. Wata tsohuwa mai tura keken kwalaye ta wuce su, har ta waiwayo. Ta-Uku ta ce gidan su wane an yi sabon fenti, ya ji ta sarai, kowace kalma. Ya juya ya gan ta gaba ɗayanta, da furfurar da ke bayan kunnenta, wadda madubi bai taɓa nuna masa ba. Abin da ya daɗe yana so ke nan, ga shi ya samu, amma gumi ne ke bin bayansa, kowace babbar mota ta taho sai ya ga ita ce. Da suka kai bakin kogin Kinta ya kasa daurewa, ya gangara gefe ya ja birki.

Ya gaya mata komai a guje, idonsa a kan sitiyari: lambar man, da inda yake, da cewa shi da kansa ya zuba. Ya roƙe ta ta sauka ta hau bas, ya ce ya gani ya kuma ji, ya ishe shi.

"Shi ke nan abin da ya sa tsohuwa mai kwali ta wuce mu?"

"Ta-Uku, a ƙarƙashinki yake fa."

Ta buɗe jaka, ta rufe.

"Tsoho, ni ba ta uku ba ce."

Ya ɗauka kunnensa ne, amma a motar nan yanzu ba abin da za a ɗora wa laifi. Ta ci gaba da magana a hankali, yadda take yanka albasa. Akwai wata kafin ita. An haifi waccan a shekarar da farashin kuza ya faɗi aka sallami babansu, ba abin da za a ci a gida, sai aka ba da jaririyar ga wasu Malayawa masu tatsar roba a wajen Kuala Kangsar, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Ita Sau Ying har ta isa aure Ta-Huɗu ake ce mata. Da mai dalilin aure ta zo da maganar ɗan gidan Yip, ta ce yaro ne mai ƙwazo, ba ya sha ba ya caca, amma in ya ji huɗu zai fita ta taga. Innarsu ta ce ai wadda aka bayar ba a ƙirga ta. A yini ɗaya aka sauya mata suna.

Kawu Fatt ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu. Ya kai na uku ya tsaya.

"Shi ya sa babbar yayarku in ta ɗan kurɓa a wurin biki take nuna ki tana cewa mutuwa, mutuwa? Ni na ɗauka zaginki take yi. Na daina ba ta cinyar kaza saboda haka."

"Sunana take kira."

"Wato duk zaman nan..."

"Duk zaman nan da huɗu kake kwana a gefenka, kana minshari. Me ya same ka ban da ƙiba?"

Ita kuwa ba ta gama ba. Ta ce yayar tata tana nan da ranta, Rokiah sunanta, ta yi jikoki, ƙafa ta fara gagararta. Rokiah ce ta neme su ta same su tun innarsu tana kwance. Ranar jana'izar inna ta zo, ta tsaya a tsallaken titi da ɗankwalinta tun safe har aka fita da gawa, shi da kansa ya gan ta ya aika mata da ruwan sanyi, yana cewa baiwar Allah ta ɓata hanya. Shi da Ta-Uku sun aurar da 'ya'ya uku, ba bikin da aka gayyaci Rokiah. Sai dai waya, in ya tafi shagon kofi.

"Me ya hana ki shigo da ita?" ya tambaya, alhali ya san amsar.

"Za ka ƙirga."

Kunya ta rufe Kawu Fatt, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ƙare rayuwarsa yana tsare gidansa kada lambar nan ta raba su da wani, ashe an riga an raba matarsa da 'yar'uwarta, kuma ba lambar ce ta yi ba, shi ne. Ya zauna yana kallon hannuwansa, har yanzu da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Bai iya ba da haƙuri ba, a gidansu ba a koya musu ba. Sai ya tambaya ko hanyar Kuala Kangsar har yanzu ta wajen masana'antar siminti ake bi. Ta ce ta nan ne. Ya tambaya me za a kai mata. Ta ce Musulma ce, ba ta cin girkinsu, su tsaya a hanya su sayi manyan lemu. Ya ce biyu ko uku, ta ce ya sayi yadda ya ga dama.

Ya tayar da mota ya hau titi, wannan karon har ya wuce wani mai keke. Sun yi nisa kaɗan sai wata damuwar ta taso masa, domin ba a shiga gidan surukai ba a san yadda za a kira su ba.

"In mun je, me zan ce mata?"

"Yaya Ta-Uku. Ai ita ce mai sunan, aro na yi."

"To ke fa?"

Ta gyara jakar a cinyarta, ta zuba wa hanya ido.

Kalmar ta zo wa Kawu Fatt har baki ta koma. Rabonsa da furta ta tun yana ɗan makaranta, har ya manta yadda ake lanƙwasa muryar don kada ta zame ta faɗa ɗaya ma'anar. Ya gwada ta a zuci, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rage gudu ko da wani abu zai faɗo daga sama.

"Ta-Huɗu," in ji shi.

"Na'am," ta ce.

Ta ciro hankici daga jaka ta daɗe tana share hanci, sannan ta ce masa ya matsa dama kaɗan, yana neman faɗawa kwata.